Lufa ko Samfula: Wace Na'ura Ce Za Ta Bi Kiɗanka?



Mai girma shugaban taro, malamaina, iyayenmu makaɗa da mawaƙa da ke sahun gaba, ƙannena masu situdiyo da masu shirin buɗewa, barkanku da yamma.

Tambayar da matasa suka fi yi mini a kan wannan batu gajera ce: "Malam, wacce zan saya?" Galibi mai tambayar ya riga ya zo da suna a bakinsa. Ya ga wani a YouTube yana dannar wata na'ura mai fitilu, kiɗa yana zuba, shi ke nan zuciyarsa ta kwanta a kanta. Ni kuwa a wurina sunan na'ura shi ne abin da ake tambaya a ƙarshe. Kafin a kai can sai an san abin da hannunka ya iya, sannan a san irin kiɗan da kake so na'urar ta ɗauka. Na biyun nan shi zan fi daɗewa a kansa yau, domin waɗanda suka ƙera waɗannan na'urori ba da kalangu a ransu suka ƙera su ba.

Na'urori iri biyu ne ake haɗa su a baki ɗaya, alhali aikinsu daban. Akwai lufa, akwai samfula.

Lufa aikinta ɗaya tak: ka taka feda, ka kaɗa ko ka rera, ka sake takawa, sai ta shiga maimaita abin da ka yi ba tsayawa. Kana iya ɗora wani a kai, ka ƙara ɗora wani, har mutum ɗaya ya zama kamar ƙungiya. Dabarar ta girmi na'urar. A 1973 Robert Fripp da Brian Eno sun fitar da faifai a Ingila wanda suka yi da rikodar tef guda biyu ƙirar Revox: tef ya fito daga ta farko ya ratsa ta biyu, sautin ya komo, sabon kiɗa ya hau kan tsohon. Kamfanin Boss na Japan ya sa abin a cikin akwatin da ake takawa da ƙafa, RC-20, a 2001, daga nan ya shiga hannun talaka.

Mu ba baƙin wannan tunani ba ne. Duk wanda ya saurari marigayi Mamman Shata ya san yadda amshi yake tafiya: kalangai suna riƙe da gindin kiɗa, 'yan amshi suna dawo da layi ɗaya, uban waƙa yana yawo a kai yadda ya ga dama. Mawaƙin da ba shi da 'yan amshi, lufa za ta ba shi damar ya yi wa kansa amshi. Sai dai in faɗi gaskiya a gaban iyayenmu: ɗan amshi yana jin lokacin da maigida ya ɗauki zafi, sai ya ƙara murya, ya ja ko ya sassauta. Lufa ba ta jin komai. Abin da ka ba ta shi za ta dawo maka da shi sau ɗari, har da kuskurenka.

Bari mu duba kuskuren nan da kyau, domin shi ne ke sa mutane su jefa lufa a ƙarƙashin gado bayan wata ɗaya. A ce kiɗanka yana tafiya bugu 120 a minti. Zagaye ɗaya mai bugu huɗu daƙiƙa biyu ke nan. Ka kaɗa gurminka lafiya lau, amma ƙafarka ta makara wajen rufewa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Kunne zai ji ɗan tuntuɓe a duk zagaye, kamar kiɗan yana ɗingishi. In kai kaɗai ne, kana iya bin ɗingishin ka rufe shi. In kuwa akwai fiyano a gefe yana buga nasa kiɗan da agogonsa, bayan zagaye goma kun rabu da daƙiƙa guda cur, waƙa ta watse. Maganin abin biyu ne: ko dai ƙafarka ta ƙware, ko ka sayi lufar da take da ramin MIDI, wadda za ta karɓi lokaci daga fiyanon su tafi tare. Wanda ya san zai yi aiki da fiyano ko wata na'urar ganga, ya duba bayan lufar kafin ya duba gabanta.

Sai maganar layuka. Ƙaramar lufa irin Ditto ta kamfanin TC Electronic, wadda ta fito a 2013, feda ɗaya gare ta da maɓallin murɗawa ɗaya, tana ɗaukar minti biyar. Duk abin da ka ɗora yana narkewa cikin na baya, kamar gishiri a miya. Na ƙarshen kawai za ka iya janyewa. Ga mai jita ko mai gurmi da ke son ya yi atisaye a ɗaki, ta isa, har ma ina ganin ta fi, don babu abin da zai ɗauke masa hankali. Amma ramin jita kawai take da shi, mawaƙi ba zai soka makirufo kai tsaye ba. RC-505 ta Boss, wadda ita ma ta fito a 2013 aka sabunta ta a 2021, layuka biyar gare ta, kowanne da maɓallinsa da abin ƙara masa murya. A kan tebur ake ajiye ta, da yatsu ake sarrafa ta, kuma tana karɓar makirufo irin na situdiyo. Shi ya sa masu kiɗan baki suka rungume ta. Kana iya kashe ganga ka bar amshi, ka dawo da ganga lokacin da waƙa ta kai gaɓa. Tambayar a nan mai sauƙi ce: lokacin da kake wasa, hannunka a sake yake ko ƙafarka? Mai goge hannayensa biyu suna aiki, feda yake bukata. Mawaƙi yatsunsa a sake suke, ta tebur ta fi masa.

Samfula kuwa wata duniya ce. Ita ba ta damu ko ka iya kaɗa wani abu ba. Sauti take ɗauka, daga makirufo ko faifai ko waya, ka yanka shi gunduwa-gunduwa, ka raba wa maɓallan roba, ka sake jera su yadda kake so. Mai lufa makaɗi ne da ke wasa a gaban jama'a. Mai samfula ya fi kusa da mai haɗa kiɗa a situdiyo, ko da kuwa daga baya zai hau dandali da ita.

Ta farko da ta yi suna ita ce Fairlight, wadda Peter Vogel da Kim Ryrie suka ƙera a Ostareliya a 1979. Kuɗinta ya kai na gida, sai manya irin su Peter Gabriel da Kate Bush. Waɗanda suka canza tarihi su ne biyu da suka biyo baya: SP-1200 ta kamfanin E-mu a 1987, da MPC60 ta Akai a 1988, wadda Roger Linn ya tsara, mai maɓallan roba goma sha shida. Ku lura da wannan: SP-1200 daƙiƙa goma kacal take iya riƙewa, su ma a rabe gida huɗu, daƙiƙa biyu da rabi kowanne. Me matasan Niyok suka yi? Faifan da aka yi don ya juya sau 33 a minti sai su juya shi sau 45, su ɗauki sautin da sauri don ya ci wuri kaɗan, sannan su rage masa gudu a cikin na'urar. Rage gudun nan ya ba sautin wani kaushi da ƙura, kuma kaushin ya zama muryar kiɗan hip-hop na wancan zamani, irin na su Pete Rock. Yau mutane suna biyan kuɗi don a kwaikwayo musu shi. Saboda haka in mai shago ya fara yi maka kirarin girman ma'ajiyar na'ura, ka saurare shi da kunne ɗaya. Minti ɗaya na sauti mai ingancin faifan CD, kunne biyu, bai wuce megabayit goma da 'yan kai ba. Ma'ajiya ba ita ce matsalar kowa ba a yau.

Samfulolin da ke kasuwa yanzu, ni gida uku nake raba su, gwargwadon halin mai aiki da su.

Gidan MPC na mai son ya gama waƙa daga farko har ƙarshe a cikin akwati ɗaya ne. MPC One ta 2020 da MPC Live suna da allon taɓawa, suna da kayan kiɗa a ciki, kana iya jera baiti da amshi, ka ɗauki murya. A gaskiya kwamfuta ce da aka sa wa rigar na'ura. Wanda ya gudo daga kwamfuta don ya gaji da kallon allo, zai tarar da allon yana jiransa a nan.

Gidan SP-404 na Roland na mai gaggawa ne, mai aiki da kunne. Ta farko ta fito a 2005, ta yanzu, MKII, a 2021. Ƙarfinta yana wajen kayan canza sauti da kuma ɗaukar abin da ita kanta take bugawa: ka buga, ka murɗa, ka sake ɗauka, ka ci gaba, ba komawa baya. Yayarta SP-303 ita ce Madlib ya tafi da ita Burazil, ya zauna a ɗakin otal da ƙaramin abin juya faifai da rikodar kaset, ya haɗa wani ɓangare na kiɗan Madvillainy da ya fito a 2004. Ta yanzun tana da wata dabara da nake so ƙwarai: kullum tana sauraren abin da ke wucewa ta cikinta, in wani abu mai daɗi ya fito ba shiri, ka danna maɓalli ta dawo maka da daƙiƙun da suka wuce.

Gidan Elektron na Suwidin, wato Octatrack ta 2011 da Digitakt ta 2017, na mai haƙuri ne da son lissafi. Ba a cika buga su da yatsa kamar ganga ba. Kunna matakai ake yi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane mataki kana iya ba shi nasa sautin da nasa tsayin murya. Octatrack tana iya aikin lufa da na samfula gaba ɗaya, amma ba na ba wa mai farawa shawarar ya fara da ita, sai in yana da watanni na zaman karatu.

Akwai kuma ƙanana daga Teenage Engineering: PO-33 mai daƙiƙa 40 da makirufo a jikinta, da EP-133 da ta fito a 2023 a kan dala 299. Ba wasan yara ba ne, ana yin kiɗa na gaske da su. Gargaɗi ɗaya kawai: ba duk abin da aka rubuta wa sunan samfula ne yake ɗaukar sauti da kansa ba. Volca Sample ta Korg, alal misali, sai dai a loda mata sauti daga waya ko kwamfuta. In burinka ka je gidan makaɗi ka ɗauko bugunsa, ka tabbata na'urar tana da ramin shigar sauti.

To, yanzu mun iso inda nake son mu zauna.

Abu na farko shi ne ƙirgar bugu. Yawancin waɗannan na'urori da bugu huɗu suke tunani, kowane bugu a raba shi huɗu, matakai goma sha shida ke nan. Haka disko yake, haka yawancin hip-hop. Kiɗe-kiɗenmu da yawa kuwa uku-uku suke tafiya, zagayen ya cika a goma sha biyu, kuma sau da yawa wata ganga tana ƙirga biyu a daidai lokacin da wata take ƙirga uku. In ka tura irin wannan kiɗa cikin gidaje goma sha shida, na'urar za ta ja kowane bugu zuwa gida mafi kusa. Ba za ta ce maka ta yi ɓarna ba. Za ka dai ji kiɗan ya miƙe, ya yi tsaf, amma ƙugu ya ƙi motsi. Da yawa daga cikinmu mun ji irin wannan a kaset-kaset ɗin da aka yi da fiyanon Yamaha samfurin PSR, wanda ya riƙe waƙoƙin finafinanmu shekaru da yawa: sautin kamar na gida, tafiyar kuwa ta wani wuri.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Roger Linn da kansa ya ga cewa bugun da ya daidaita ƙwarai ba shi da rai, shi ya sa ya sa wa na'urorinsa wani ma'auni da ke jinkirta kowane mataki na biyu. A kashi 50 cikin ɗari kiɗa a miƙe yake. A wajen kashi 66 ya koma uku-uku sosai. Tsakaninsu akwai rangaji iri-iri. J Dilla na Ditiroyit, wanda ya rasu a 2006, ya wuce nan: kashe mai daidaita bugun yake yi, ya buga da yatsunsa, ya bar wata ganga ta riga lokaci wata ta makara da gangan. Makaɗan ganga na gaske suka koma suna koyon bugawa irin na na'urarsa. MPC3000 ɗinsa yanzu tana ajiye a gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka na Smithsonian a Washinton. Abin da nake so ku ɗauka daga labarinsa shi ne, na'urar ta ba shi damar ya kashe abin nan. Ba kowace ce take bayarwa ba.

Saboda haka ga jarrabawar da nake so kowa ya yi wa na'ura kafin ya biya. Ka tafi da sautin kiɗan gida a wayarka, na kalangu ko na kotso ko na kwarya, wanda ka san tafiyarsa a jikinka. Ka tambaya: zan iya mayar da zagaye ya zama matakai goma sha biyu? A MPC ana iya canza ƙirgar zuwa shida-bisa-takwas, a kuma daidaita bugu uku-uku. A Digitakt ana iya rage tsawon zagaye zuwa goma sha biyu, har ma kowane layi ya yi nasa tsawon, wanda ke ba ka biyu a kan uku cikin sauƙi. PO-33 kuwa goma sha shida ɗin nan ne gidanta. Sannan ka tambaya: zan iya kashe mai daidaitawa gaba ɗaya in buga da hannuna? A nan lufa ta fi kowa kirki, domin in ka kashe mata agogo ba ruwanta da ƙirga. Zagayen farko da ka kaɗa shi ne doka, ko bakwai ne ko goma sha biyu.

Abu na biyu shi ne murya. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau; ya sassauta, ta sauko; kuma sau da yawa bayan makaɗin ya sauka a kan fata ne muryar take lanƙwasa. Harshenmu ma da hawa da sauka yake rarrabe kalmomi, shi ya sa mai kalangu zai kira sunan mutum a taro mutumin ya waiwayo. In ka ɗauki bugu ɗaya ka baza shi a kan maɓallai goma sha shida, kowanne da tsayin muryarsa, kamar yadda MPC take yi, za ka samu matakala ne, hawa-hawa, lanƙwasar ta tafi. Ga shi kuma na sama za su gajarce, na ƙasa su yi tsawo su yi nauyi. Abin da ya fi shi ne ka ɗauki jimla sukutum, yadda makaɗin ya faɗe ta, ka yanka ta a inda shi ya numfasa. In kuma dole sai bugu ɗai-ɗai, ka ɗauki da yawa: sakakke, matsattse, mai hawa, mai sauka, na tsakiyar fata, na gefe. Kada kuma ka yawaita jan sauti don ya dace da wani gudun. Ɗan kaɗan ba laifi, amma in ya yi yawa kaifin bugun yana dusashewa. Gara ka sa na'urar ta bi gudun makaɗin.

Wani zai ce, duk wannan kwamfuta tana yi. Tana yi, manhajar FL Studio tana yi har da ƙari. Abin da na'ura take ba ka shi ne ka danna ta amsa nan take, ba saƙon da zai shigo, ba abin da zai tsaya a tsakiyar biki. In ba ka tabbata kana son aikin yankan sauti ba, akwai manhajar waya mai suna Koala, kuɗinta kaɗan ne, tsarinta ya yi kama da na SP-404. Ka yi wata biyu da ita. In ka gaji, ka tsira da kuɗinka.

Sai abubuwan da masu talla a ƙasashen waje ba sa ambata, don ba su dame su ba. Wuta. SP-404MKII tana aiki da batir shida irin na tocila ƙanana, ko da abin cajin waya ta ramin USB. MPC Live tana da batir a cikinta, MPC One ba ta da shi. In wuta ta ɗauke kana tsakiyar aikin da ba ka adana ba, ya tafi. Batir yana da wani amfani kuma: yana raba ka da gurnanin da janareta kan shigar cikin sauti. Ku kula da kayan gwanjo: wutarmu a Nijeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Adaftar zamani galibi an rubuta mata 100 zuwa 240, ba matsala, amma tsofaffin na'urori masu taransifoma a ciki suna iya ƙonewa a sokawar farko. Fedojin Boss kuma wutar bolt tara suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftarsu ita ce mai alamar ragi (−), ba mai alamar ƙari (+) ba. Adaftar da aka tsinta a kasuwa tana iya zama akasin haka. Ƙurar hunturu kuwa maɓallan turawa take fara ci, sai ka ji ƙaras-ƙaras. Ƙyalle mai tsabta a rufe na'ura ya wadatar.

In ta hannu za ka saya, kada ka yarda da kiɗan da mai sayarwa zai buga maka. Ka sa abin kunne, ka taɓa kowane maɓallin roba a hankali, sannan da ƙarfi, a tsakiya da kusurwa; wanda ya gaji sai an dake shi yake amsawa, wani kuma ya amsa sau biyu a bugu ɗaya. Ka murɗa kowane abin murɗawa daga farko zuwa ƙarshe kana kallon lambar da ke allo, ko tana tsalle. Ka ɗauki muryarka, ka adana, ka kashe na'urar, ka kunna, ka ga ko tana nan.

Na ga shugaban taro yana duban agogo, amma akwai maganar haƙƙi, kuma ba zan sauka ban yi ta ba tunda iyayenmu suna zaune. A 1969 wata ƙungiya a Amurka mai suna The Winstons ta yi faifai wanda a cikinsa mai gangarsu, Gregory Coleman, ya yi bugu shi kaɗai na kimanin daƙiƙa shida. Wannan ɗan guntu ya shiga dubban waƙoƙi, har wasu nau'o'in kiɗa a Ingila a kansa aka gina su. Coleman ya rasu a 2006 bai ci ko kwabo daga ciki ba. A ɗaya gefen kuma, a 1991 wata kotu a Niyok ta yanke hukunci a kan Biz Markie saboda ya ɗauki kiɗan Gilbert O'Sullivan ba izini, aka janye faifan daga kasuwa. Tun daga nan kamfanoni suka koma neman izini kafin su fitar da waƙa. A Nijeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Ku yi lissafin da kanku. Tsohon kaset da ka tsinta a kasuwa yana da magada.

Hanyar da ta fi sauƙi, kuma ta fi ba da sauti mai kyau, ita ce ka gayyaci makaɗi mai rai. Ku yi ciniki a fili: nawa ne na zama, a waƙa nawa za a yi amfani da bugunsa, za a sa sunansa ko ba za a sa ba, me zai samu in waƙar ta karɓu. A rubuta a takarda, a sa shaidu. Ka ajiye makirufo kamar taƙi biyu daga bakin gangar, ka kashe fanka, ka bar shi ya yi ɗumi tukuna kafin ka danna ɗauka, domin bugun minti na biyar ba irin na minti na farko ba ne.

Na zo da lufa ɗaya da samfula ɗaya, suna kan teburin can. Baba mai kalangu ya yarda zai ba mu jimla biyu mu gwada a gabanku bayan tambayoyi.